Ki rage tunani, ka rage tunani: toh ta yaya? Fashin baƙi kan CBT

Duk wanda ya taɓa raka mai fama da faɗuwar gaba ko rashin barci asibiti ya san inda maganar ke ƙarewa. An auna jini lafiya lau, an yi gwajin zuciya ba komai, an duba maleriya da taifot, an sha maganin olsa har an gaji, daga ƙarshe likita ya ajiye biro yace Hajiya ki rage tunani. A dawo gida uwa tace ki rage tunani, miji yace ki cire komai a ranki, ƙawa tace ki bar wa Allah. Kuma wallahi dukkansu sun gano inda ciwon yake, abin da ba wanda ya faɗa mata shine ta yaya za ta yi. Don tunani ba rediyo bane da za ka murɗa ka rage masa murya.

An ma gwada abin. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ajiye musu ƙararrawa, yace na minti biyar kada ku kuskura ku tuna farin beyar, dabban nan na ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ya faɗo muku a rai ku buga. Haka suka dinga bugawa. Da aka ce toh yanzu an baku izini ku tuna shi, sai ya dinga zuwar musu fiye da waɗanda tun farko ba a hana su ba. Dalilin shine in kana so ka tabbatar baka tuna abu ba, dole wani sashe na ƙwaƙwalwarka ya tsaya gadi yana leƙen ko abin ya shigo, mai gadin nan kuwa hoton abin yana hannunsa yana ta kallo.

Toh akwai wata hanyar jinya da aka gina ta kacokan kan wannan tambayar ta "ta yaya". Likitoci na taƙaita sunanta da CBT, da Hausa sai muce jinya ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a. Ba allura ba ƙwaya, zama ake yi da wanda ya karanci abin, yawanci sau ɗaya a sati na kusan awa guda, zama 12 zuwa 20 a sallame ka. Cututtuka biyun da aka fi amfani da ita a kansu sune matsananciyar fargaba da ciwon damuwa, kuma ba ƙananan cututtuka bane, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna mutum miliyan 301 na fama da ta farko, miliyan 280 da na biyu. Mu da muke karanta addu'ar neman tsari daga hammu da hazan ai mun san rabe-raben, malamai sun ce hammu zullumin abin da bai zo ba ne, hazan kuma baƙin cikin abin da ya wuce. Abin da nake so in warware a nan shine me CBT ɗin take taɓawa a cikin mutum. A fahimtata ba tsoron take cirewa ba, ba kuma baƙin cikin ba, gaba zai ci gaba da faɗuwa kamar na kowa. Abin da kake yi a ƴan mintocin da suka biyo bayan faɗuwar gaban, shi take canzawa.

Mutumin da aka fi jingina wa abin shine Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pensilbaniya da ke Filadelfiya, ya rasu a Nuwamban 2021 yana da shekara 100 cif. Da farko mabiyin koyarwar Sigmund Freud ne, shahararren likitan nan mai nazarin halayyar ɗan Adam, kuma a koyarwar ana cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya kasa saukewa kan wani sai ya juyo da shi kansa. Beck ya tashi ne ya kawo hujjar hakan, ya dinga tattara mafarkan marasa lafiyarsa yana neman fushin, sai abin da ya dinga cin karo da shi ya zama rashi da faɗuwa da wulaƙanci, daidai irin abin da suke faɗa da bakinsu in suna farke. Daga nan ya koma sauraren wasu gajerun maganganu da ke gifta zuciya kamar walƙiya, baka kira su ba, baka ma lura sun wuce ba, sai dai kaji ranka ya ɓaci. Ni ban iya komai ba. Kowa ya gaji da ni. Haka zan ƙare. Ya lura a ciwon damuwa wuri uku suke duka, kai kanka, duniyar da kake ciki, da gobenka, kuma mutum yana karɓarsu ne a matsayin labari tabbatacce alhali zato ne da ba a taɓa bincikarsa ba.

Kada wani yace wannan sabon abu ne da Turawa suka ƙago daga sama. Abu Zaid al-Balkhi, malamin yankin Balkh a Afganistan ta yau wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, a ciki ya yi babi-babi kan tsoro, baƙin ciki, fushi da waswasi, har yana ba da shawarar mutum ya tanadi lafiyayyun tunani tun yana cikin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Farfesa Malik Badri ɗan Sudan ne ya fassara sashen da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013. Abin da su Beck suka ƙara shine tsari da awo, suka mayar da hikimar darasi-darasi da za a iya koyarwa a kuma gwada a gani ko tana aiki.

Yanzu ga gundarin maganar. Akwai abin da masana ke kira sarrafa motsin rai, wato duk dabarun da muke yi, da sani ko ba da sani ba, don mu rage ko mu ƙara ko mu ɓoye abin da muke ji. James Gross na Jami'ar Sitanfod da ke Kalifoniya a Amurka ya fito da wani bayani a 1998 wanda har yau shi ake bi, yace motsin rai ba faɗowa yake yi lokaci guda ba, hanya yake biyowa, kuma akwai mashiga biyar da za ka iya tare shi. Ɗauki budurwar da taron mutane ke firgita ta, an kawo mata katin bikin ƙawarta. Tana iya ƙin zuwa gaba ɗaya tace kanta ke ciwo, ta tare abin tun daga ƙofa kenan. Tana iya zuwa amma ta ja ƙanwarta su laɓe a kujerun baya. Tana iya zama a tsakiyar mutane amma ta duƙufa kan waya, ko hankalinta kaf ya koma kan muryarta da zufar hannunta. Sannan wasu mata biyu suka kalle ta suka yi dariya, nan kuma fassara ce, ni suke yi wa ko hirarsu suke. Na ƙarshe, abin ya riga ya taso mata har wuya, sai ta haɗiye ta ƙaƙalo murmushi. Duk biyar ɗin sarrafawa ce, sai dai kowacce da kuɗin da ake biya daga baya.

Haɗiyewar nan ita aka fi yi wa bincike. Gross da abokin aikinsa Robert Levenson sun nuna wa mutane bidiyon tiyatar yanke hannu, aka ce wa wasu ku ɓoye abin da kuke ji kada fuskarku ta nuna. Fuska ta yi shiru kam, amma na'ura ta nuna jiki ya ƙara tashi, zufa ta ƙaru, jijiyoyin jini sun tsuke, kuma ƙyamar da suke ji a ciki bata ragu ba. A wani gwajin da Gross ya yi daga baya, waɗanda aka ce su kalli abin da idon mai nazarin yadda ake aikin kuwa, ƙyamar ce kanta ta ragu ba tare da jiki ya biya kuɗin ba. Wani binciken na 2003 ya ma nuna in kana hira da wanda ke danne abin da ke ransa, kai ma jininka hawa yake yi. Nasan wani zai ce toh mu da aka raina kan kunya da kawaici fa, ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, kuma bincike bai ƙaryata shi ba, an duba ƴan Chana mazauna Hong Kong aka ga dannewar bata tafiya da damuwa a wurinsu yadda take yi wa Turawan Amurka, saboda a al'adarsu kamun kai abin girmamawa ne. Ni a ganina kawaicin da kika zaɓa da kanki a gaban surukai daban, haɗiyewar da ta zama ita kaɗai kika iya ko kina ke kaɗai a ɗaki daban. Ta farko haƙuri ce. Ta biyu ita ke cin mutum a tsaye.

A 2010 Amelia Aldao da Susan Nolen-Hoeksema da wata abokiyar aikinsu suka tattara bincike 114 wuri guda, abin da suka gani ya ba mutane da yawa mamaki. Rashin iya kyakkyawar fassara yana da alaƙa da ciwo amma ba can ba, abin da ya fi ɗaure da fargaba da damuwa shine munanan ɗabi'u uku, tuƙa tunani, gujewa, da dannewa, tuƙar ce ma kan gaba. Shi yasa duk wanda ya ɗauka CBT koyar da "kyakkyawan zato" ce kawai bai gane ta ba, rabin aikin ko fiye kwance waɗannan ukun ne.

Mu fara da mai fargaba, ita matsalarta gudu. A 1986 David Clark na Jami'ar Oksfod a Ingila ya yi bayanin firgicin nan da ke taso wa mutum farat ɗaya, bayanin da ya canza yadda ake jinyarsa. Zaman yakan tafi kamar haka, bayan an riga an tabbatar zuciyarta da huhunta lafiya suke.

"Hajiya, da abin ya taso miki a kasuwa me kika fara ji a jikinki?"

"Ƙirjina ne ya hau dukan uku-uku likita, numfashi ya ƙi isata, sai jiri."

"A daidai lokacin me ya zo miki a rai?"

"Cewa shikenan zuciyata ce za ta buga, a nan zan faɗi."

"Daga farawar abin zuwa yau, sau nawa ya taso miki?"

"Ai ya fi hamsin."

"Sau nawa zuciyar ta buga?"

"Allah ya kiyaye, ai don ina saurin samun wuri in zauna ne in sha ruwa."

Amsar nan ta ƙarshe ita ce ciwon. Bugun ƙirji abu ne da rana ko hawan bene ko shayi mai kauri ke kawowa, da ta fassara shi da mutuwa sai jiki ya saki adirenalin, sinadarin da yake fitarwa in ya ji haɗari, don ya cece ta, adirenalin ya ƙara bugun, ƙarin bugun ya zama hujjar cewa da gaske mutuwar ce, haka abin ke juyawa har ya kai ƙololuwa cikin ƴan mintoci ya sauka da kansa. Amma ita bata taɓa ganin ya sauka da kansa ba, don kullum ta zauna, ta sha ruwa, ta dafa bango, ta bar kasuwar, sai ladan tsirar ya tafi ga ruwan da bangon. Paul Salkovskis ne ya ja hankali kan waɗannan ƙananan dabarun kare kai, ya nuna sune ke hana mutum gano cewa dama ba abin da zai faru. Sau hamsin ta tsira, ko sau ɗaya bata koyi komai ba.

Toh me ake yi? Ba wa'azi ake mata ba, wa'azi an yi ya fi a ƙirga. Gwaji ake yi. Mai jinyar yace zo mu yi numfashi da sauri ni da ke na minti ɗaya, su yi tare, sai ga jirin, ga bugun, ga tafin hannu na tsira-tsira, duk abin da take kira alamar mutuwa ta kira shi da kanta a cikin ofis, kuma shima mai jinyar yana jin irinsa. Sannan a ce kada ki zauna, tsaya mu gani. Daga nan a fita da gwajin waje, bakin layi, shagon unguwa, kasuwa da ƴar rakiya, kasuwa ita kaɗai ba gorar ruwa a jaka, kuma kafin kowane fita sai ta rubuta abin da take zaton zai faru da yadda ta yarda da shi cikin ɗari, in ta dawo ta rubuta abin da ya faru. Gani ya kori ji. Dan Allah kada mai ciwon zuciya ko asma ko mai juna biyu ya kwaikwayi gwajin numfashin nan a gida, da likita ake tsara shi.

Wani abu da ya kamata a sani, tsohon tsoron ba gogewa yake yi ba. Michelle Craske a Kalifoniya ta yi shekaru tana nuna cewa sabon darasi ne ake ginawa a gefen tsohon, biyun suna nan suna ja-in-ja, wanda aka fi maimaitawa a wurare daban-daban shi ke rinjaye. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi, wannan ba zai daina ba gaba ɗaya, abin da ake so ya tsaya ya duba ya ga tsumma ne ya wuce. Shi yasa in fargaba ta ɗan dawo bayan wata shida, musamman lokacin rashin lafiya ko rashin barci ko wani tashin hankali, ba wai jinyar ta rushe bane.

Mai ciwon damuwa kuma nasa salon daban. Shi ba gudu yake a guje ba, janyewa yake a hankali yana tuƙa, irin yadda akuya ke dawo da abin da ta haɗiye tana sake taunawa. A ce magidanci ne jarinsa ya karye, ya bar fita majalisa don kunyar masu binsa bashi, sannan jam'i ya fara wuce shi, sannan wanka ma ya zama aiki, yana kwance yana me yasa ni, me yasa ban saurari shawara ba, me yasa komai na taɓa sai ya lalace. Shi a ransa neman mafita yake, bai san tuƙar ce ke ƙara nutsar da shi ba. Nolen-Hoeksema ta samu damar auna wannan ba shiri, ta yi wa ɗaliban Sitanfod tambayoyi kan yadda suke yi in ransu ya ɓaci, sati biyu bayan nan girgizar ƙasar 1989 ta afka wa yankin, da ta sake bibiyarsu sai ta ga masu ɗabi'ar tuƙa sun fi sauran alamun damuwa kwana 10 bayan girgizar, har bayan sati 7 ma haka. Edward Watkins a Ingila ya ƙara da cewa nau'in tambayar ne matsalar, "me yasa" bata da gindi sai dai ta yi ta zurfi, amma "yaya abin ya faru daki-daki, kuma mene ne mataki ɗaya na gobe" tana da inda take tsayawa. Kaga ba rage tunanin aka yi ba, akalarsa aka juya.

Magidancin nan zai ce maka bari in ji ƙarfin raina tukuna sannan in fita. CBT tace a'a, fitar ce a gaba, ƙarfin rai daga baya yake biyowa, don ciwon ya yanke shi daga duk wani abu da ke ba rai ɗanɗano, in ya zauna jiran sha'awa ta zo ba ta inda za ta shigo. Sai a zauna da shi a tsara sati, ƙananan abubuwa ƙwarai, sallar asuba a masallaci ranar Talata, share ƙofar gida, zaman minti goma a majalisa ko bai ce uffan ba, kiran mutum ɗaya cikin masu binsa bashi. Kafin ya yi ya rubuta daɗin da yake zaton zai ji daga sifili zuwa goma, zai ce sifili, in ya dawo ya rubuta na gaskiya, sau da yawa uku ne ko huɗu, kuma tazarar nan tsakanin sifili da uku ita ce hujjar farko da ya gani da idonsa cewa ciwon ƙarya yake masa game da gobe. Addu'ar da na ambata ɗazu ai bata tsaya kan hammu da hazan ba, gajiyawa da kasala ne ke biye da su.

Sai aikin tunanin kansa. "Malam, da ƙaninka ne jarinsa ya karye a shekarar da kaya suka yi irin wannan tashin, za ka ce masa shi ba shi da amfani?" Zai ce haba, ai ba laifinsa bane shi kaɗai. "Toh me yasa hukuncin ya canza da aka zo kanka?" Ba a ce masa komai lafiya ba, jari dai ya karye, bashi na nan. Abin da ake raba shi da shi shine tsallen da yake yi daga "na yi asara" zuwa "ni asararre ne har abada".

Wanne ya fi aiki cikin biyun, tashi a koma ayyuka ko gyaran tunani? Neil Jacobson ya raba marasa lafiya kusan 150 gida uku a 1996, wasu aka basu tsarin ayyuka kawai, wasu aka ƙara musu wani ɓangare na aikin tunani, wasu aka basu cikakkiyar jinyar, sakamako ya fito kusan ɗaya. A 2016 wani babban gwaji a Ingila da mutum 440 ya nuna ƙananan ma'aikatan lafiya da aka koya wa tsarin ayyukan kawai sun samu sakamakon da bai gaza na ƙwararrun CBT ba. Har yau masana na muhawara kan ma'anar hakan, ni dai abin da na ɗauka shine zuciya ta fi yarda da abin da ƙafa ta je ta gani fiye da abin da kunne ya ji.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa ba zan ja ba. Hotunan da Kevin Ochsner da Gross suka ɗauka a 2002 sun nuna in mutum yana sake fassara hoto mai tayar da hankali, sashen da ke bayan goshi yana ƙara aiki, amigdala kuma, ƴar ƙararrawar haɗari da ke can ciki, tana lafawa. Wanda ya fi burge ni shine binciken Philippe Goldin na 2012 kan masu tsoron shiga mutane da suka yi zama 16, inda aka ga abin da ya fi bayyana sauƙinsu shine yardar da suka samu cewa in abin ya taso za su iya da shi. Wato tsoron tsoron ne ya karye.

Wannan ne ma ya sa amfaninta ke daɗewa. A gwajin Robert DeRubeis da Steven Hollon na 2005, mutum 240 masu ciwon damuwa matsakaici zuwa mai tsanani, bayan sati 16 ƙwaya da CBT sun yi kunnen doki, kashi 58 cikin ɗari kowanne. Aka bi waɗanda suka samu sauƙi na shekara guda, cikin waɗanda aka janye wa ƙwaya kashi 76 ciwon ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba da sha kashi 47, waɗanda suka gama CBT aka sallame su kashi 31. Kada wannan ya sa wani ya ajiye maganinsa, wallahi haɗari ne a yanke shi ba da sanin likita ba, kuma akwai wanda ciwonsa ya yi nauyin da sai ƙwaya ta ɗaga shi kafin ya iya zaman ma, da yawa haɗa biyun ake yi. Lissafin kansa ya nuna kusan huɗu cikin goma basu samu sauƙin da ake so ba a zagayen farko. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya fara zuwar masa, ko yake jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, wannan asibiti za a kai shi yau ba gobe ba.

Akwai wata iyaka da nake so a riƙe da kyau. Matar da mijinta ke duka, ko manomin da ƴan bindiga suka hana shi gonarsa, tsoronsu ba kuskuren fassara bane, daidai yake da abin da ke gabansu. Binciken Allison Troy na 2013 ya nuna sake fassara tana taimako ne in matsalar ta fi ƙarfin mutum ba yadda zai yi da ita, amma in abu ne da zai iya canzawa, ƙwarewa wajen lallashin kai tana tafiya ne da ƙarin damuwa. Mai jinyar da ya san aikinsa zai fara tantance wannan, in matsalar ta a tashi a yi wani abu ce sai zaman ya koma na warware matsala, wa za a faɗa wa, ina za a je, me za a fara yi.

Ko abin na aiki a wajen ƙasashen Turawa? A Zimbabuwe, Shonawa na kiran ciwon kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, kalmarmu ce sak. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna yi wa mutane zama 6 na warware matsala, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 ne ke da alamun ciwon damuwa cikin waɗanda suka zauna da su, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman ya koya wa mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida CBT mai sauƙi don masu ciki da masu jego, a 2008 aka ga kashi 23 ne suka rage cikin ciwon bayan wata shida, waɗanda basu samu ba kashi 53. Musulmai ne, ƙauyawa, da yawansu basu yi boko ba, hotuna aka yi amfani da su maimakon rubutu.

A Najeriya an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma masu wannan aikin har yanzu kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a. Inda aka fi samunsu asibitocin ƙwaƙwalwa ne irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. In kin je ki buɗe baki ki tambaya ko akwai saikolojis, wato masanin halayyar ɗan Adam, mai yin CBT, don in baki tambaya ba wataƙila kati da ƙwaya kawai za ki dawo da su. Za ki gane ta gaske ce in tun zaman farko ko na biyu an tambaye ki me kike so ki koma yi wanda ciwon ya hana ki, an zana miki zagayen naki ciwon a takarda da kalmominki, kuma kowane zama ya ƙare da ɗan aikin da za ki gwada kafin sati mai zuwa, in kin dawo shi za a fara tambayarki.